Ɗaɗɗoyar Mai Agogo

Ni dai tun farko ban so gwangwanayen nan ba, gara in faɗi gaskiya. Barandarmu a hawa na uku take, faɗinta bai fi tabarma biyu ba. Nan nake shanya, nan nake shan iska idan keken ɗinki ya gasa mini baya. Sai bawan Allahn nan ya bi ya cika ta da gwangwanin fenti da na madara, ya huda gindinsu da ƙusa, ya ɗura musu ƙasa. Na'ana'a a nan, lansir a can, albasa mai lawashi a cikin robar wankina da ni ban ce na gama da ita ba. Sauran gwangwani tara kuwa duk ɗaɗɗoya ce.

Mijina ke nan, Mai Agogo. Haka kowa ke kiransa, har ni, don shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene yana gyaran agogo. Shi kuma Gaggawa yake ce mini. Ban taɓa musa sunan ba, don ko tafasar ruwa ba na iya tsayawa in jira.

Ɗaɗɗoyar tasa ba irin ta kasuwa ba ce. Ganyenta ƙanana ne, karanta ya yi duhu-duhu, idan ka murza ta sai ka ji kanumfari da lemun tsami sun taso tare. Mahaifiyarsa ce ta ƙulle masa irin a bakin tsumma ranar da muka taso muka dawo birni. Tsohuwa ta rasu, aka rushe gidanta, yanzu wankin mota ake yi a wurin. Ya nemi irinta ko'ina bai samu ba. Ina ce masa, "Haba Mai Agogo, ganye ai ganye ne," amma hancina ya san ƙarya nake. Duk duniya a barandarmu kaɗai ta rage, kuma mun san haka mu biyu.

Aikin a rabe yake, shi shuka, ni girki. Girkin ma shi ya jawo shi. Farkon aurenmu nakan aika masa abinci shago da zafinsa, sai a dawo mini da kwano rabi, ya sandare. Mutumin da in ya buɗe cikin agogo ba ya ɗago kai sai ya rufe, ko da gobara ake yi a maƙwabta. Na yi faɗa har na gaji. Ran nan na ce to, tunda ka rantse sai da sanyi za ka ci, bari in dafa abin da da ma don sanyi aka yi shi. Na dafa makaroni, na tsane, na ɗauraye da ruwan sanyi, na zuba mai da gishiri da lemun tsami, na yanka tumatir da gurji da albasa, na ɓare dafaffen ƙwai. Ina shirin rufewa ya shigo da ganye cike da tafin hannu. Na ɗauko wuƙa, ya riƙe mini hannu.

"Wuƙa baƙanta ta take yi," in ji shi. "Da yatsa ake yaga ta."

Ran nan kwano ya dawo kamar an wanke. Tun daga nan muke ce masa makaronin sanyi, kuma shekara talatin da ɗaya ba a yi mako ba a ci shi a gidanmu ba. 'Yarmu ɗaya tilo da shi ta girma. 'Yar Baba muke ce mata, don tun tana rarrafe take bin sa baranda, ni kuwa sai in yunwa ta kama ta take tuna tana da uwa.

Abu ɗaya na sani game da shukar, shi ma don na ji shi ya fi sau dubu ne. Kullum da safe kafin ya fita, zai bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana tsinke kan duk reshen da ya fara ɗauko fure, da farcen babban yatsa, a hankali kamar yana cire allurar agogo. "In ta yi fure ta gama da ganye, Gaggawa. Sai ta yi ɗaci, ta tsufa." Na ji, na haddace.

Amma akwai wani shuɗin gwangwani can a kusurwa, jikin bango, nesa da 'yan uwansa. Shi kam duk shekara sai ya yi tsawo, ya hargitse, ya yi fure har ya bushe a tsaye, ƙudan zuma na ta zarya a kansa suna hana ni shanya. Nakan ce, "Malam, wancan ka manta da shi ne, ko kuwa ɗan gata ne?"

Sai ya gyara tsayuwa, ya cire tabarau, ya ce, "Ai wancan, kin gani, abin da ya sa..."

"Riƙe laccarka, tukunyata na kan wuta."

Haka muke yi duk shekara. Shi maganarsa a hankali take fitowa, sai ya ɗauko ta tun daga kakanni, ni kuwa ga ɗinkin mutane na jira. Yakan yi murmushi ya mai da tabarau. Ko sau ɗaya ban tsaya na ji ƙarshen maganar ba.

Ranar wata Talata da safe ina cikin ɗaki ina sa zare a keke, na ji butar ban-ruwa ta faɗi. Na ɗaga murya na ce, "In ka jiƙa mini shanya yau za mu yi ta." Shiru. Da na leƙa, yana zaune a ƙasa tsakanin gwangwanaye, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama a yashe kamar ba nasa ba. Ban san lokacin da na sauka hawa uku na bugo ƙofar maƙwabta ba.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Dama ta tafi, magana ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, idanunsa na bin ka, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito, shi da kansa ya ji kunya ya rufe. An ba shi biro a hagu, ya yi ta fama, abin da ya fito kan takardar ko shi ba zai karanta ba. 'Yar Baba kuwa tana can garin mijinta, tafiyar kwana biyu, da ciki wata bakwai mai laulayi, likita ya ce ko motar cikin gari kada ta shiga. Kullum muna waya. Ta tambayi magani, ta tambayi abin da ya ci, ta yi kuka. Sau ɗaya ta ce, "Umma, shukar Baba fa?" Na ce, "Tana hannuna, kada ki damu." Ta ce to.

Kuma wallahi tana hannuna. Ni da ban taɓa ɗaukar butar nan ba, na koma tun gari bai gama wayewa ba ina baranda. Na ce a raina, ba zan iya miƙar masa da hannu ba, ba zan iya dawo masa da harshe ba, amma ranar da zai dawo gidan nan sai ya tarar da ɗaɗɗoyar uwarsa ta fi yadda ya bar ta. Ina ba su ruwa, ina juya su su sha rana, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina tsinke fure. Farcena har ya yi kore. Da na zo kan shuɗin gwangwani na tarar ya ɗauko fure ya fi kai ashirin, farare-farare, sai na tsaya na riƙe ƙugu na ce, "Kai kuma gatanka ya ƙare, yau ka shigo hannun Gaggawa." Na tsinke su tas.

Ran nan da rana na shiga ɗakin marasa lafiya da kwanon makaronin sanyi, duk da na san haɗiya na ba shi wuya. Gadonsa na uku ne daga taga. Na murza ganye na kai masa hanci, ya lumshe ido ya ja numfashi, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Daɗi ya kama ni. Sai na kwance bakin mayafina na juye masa furannin a kan bargo.

"Duba nan. Ko ɗaya ban bari ba. Har wancan na kusurwa da ka yi shekaru kana yi wa sakaci, na gyara maka shi."

Ya dubi furannin. Ya dube ni. Hannunsa na hagu ya damƙo wuyan hannuna da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba, ya buɗe baki, gurnanin nan ya fito, ya sake fitowa, yana girgiza kai. Sai hawaye, shaaa, har cikin kunnensa.

Na tsorata, na kira ma'aikaciyar jinya. Ta duba shi, ta gyara masa matashi, ta ce, "Mama, masu irin wannan ciwon haka suke, abu kaɗan sai kuka. Wani lokaci ma na farin ciki ne."

Na share masa fuska da bakin mayafi. Na ce, "Haba Mai Agogo, sai ka ce yaro. Ba sai ka gode mini ba." Na sa hannu zan kwashe furannin in zubar, ya rigaye ni, ya tattare su a tafinsa ya dunƙule. Na yi dariya na bar masa.

Mako biyar ya yi a gadon nan. Kullum na zo sai na ba shi rahoto, kamar ɗalibar da ke neman yabo. Yau na cire bakwai, yau na cire goma, na kusurwa ya sake yunƙurowa na sake murƙushe shi. Da farko yakan yi ta motsi yana gurnani. Daga baya ya daina, sai dai ya juya fuska wajen taga. Na ɗauka gajiya ce.

Ya rasu ranar wata Asabar, ina hanya, kwanon na kan cinyata a cikin bas. Ba zan ce komai a kan wannan ba. Suka ba ni jakarsa, na kawo ta gida na tura ƙarƙashin gado ban buɗe ba.

Bayan mutane sun watse, gwangwanayen ne suka riƙe ni. Keke na rufe shi da zane. Amma baranda kullum ina can, ina tsinka, ina yi musu faɗa, wani lokaci in ji ina ba shi labarin maƙwabta kamar yana tsaye a bayana. 'Yar Baba ta haihu, namiji, ta ce da zarar ya yi ƙwari za ta taho. Na ce ki zo ki ci makaronin ubanki.

Sai dai shukar ta fara ba ni tsoro. Da sanyi ya shigo, karan ya koma itace, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube. Na ƙara ruwa, na rage ruwa, na sa taki, na kwashe su na kai bakin tagar ɗaki, na sake mayar da su baranda. Gwangwani ɗaya ya bushe, na biyu ya bi shi. Amma na kwantar da hankalina, don na san duk shekara sukan yi haka, kuma duk shekara sababbi na fitowa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina suke fitowa ba. Ka ji fa, mace mai shekara hamsin da takwas.

Ranar da 'Yar Baba za ta iso, ɗanyen ganye a kan rassa huɗu kawai ya rage, duk a shuɗin gwangwani. Na tsinke su gaba ɗaya. Na dafa makaroni, na ɗauraye, na matse lemun tsami, na yaga ganyen da yatsa ƙanana-ƙanana yadda yake so, na zubar da karan.

Ta shigo da goyo, ta rame, muka rungume juna a bakin ƙofa muka yi mai isarmu. Na karɓi yaron, goshin kakansa sak. Na zuba mata. Cokali na farko ta rufe ido, ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ta cinye, na ƙara mata, na ci sauran a cikin kwanon.

Da ta wanke hannu sai ta nufi baranda, kamar yadda ta saba tun tana rarrafe. Ina jijjiga yaro na ji ta ce, "Umma, kin riga kin girbe?"

"Girbe me?"

"Irin. Na ga na kusurwa ba kai ko ɗaya."

Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Ai ban bar shi ya yi fure ba. Ko ɗaya ban bari ba, tun ranar da ya kwanta."

Ta juyo a hankali. Yadda ta dube ni, irin kallon nan ne na gado na uku daga taga.

"Umma, wancan na iri ne. Takwas na ci, ɗaya na iri. Shi ake bari ya yi fure ya bushe, Baba ya yanke kawunan ya murje a takarda. Ɗaɗɗoya ba ta wuce shekara. Baba bai taɓa gaya miki ba?"

Na miƙa mata yaron. Na zauna a kan robar wanki da ke kife. Ya gaya mini mana. Sau talatin da ɗaya ya fara gaya mini.

Ita ce ta yi ƙarfin hali. Ta ce akwai ambulan da yake ajiye iri, a akwatin kayan aikinsa. Muka jawo akwatin, ta ɗaga ƙananan sukudireba da murafen agogo, ga ambulan ruwan ƙasa, ya yi laushi don tsufa. A bayansa shekaru ne jere da rubutunsa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowace shekara da ya girba. Ta buɗe ta zazzage a tafin hannu. Babu komai.

"Ya faɗa mini a waya," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Bara iska ta kayar da gwangwanin, irin bai yi yawa ba, duka ya shuka. Ya ce bana zai ɗebar mini nawa, tunda mun samu gida mai baranda."

Wataƙila ni ma ya faɗa mini. Na tuna ranar da iskar ta kayar da shi, don na yi masifa a kan ƙasar da ta ɓata mini zanin gado.

Ta koma baranda tana duba rassan ɗaya bayan ɗaya, tana kankara da farce ko za ta ga kore. Ta ce in da ɗanyen reshe ko ɗaya, ana iya tsoma shi a ruwa ya yi saiwa. Ta tsaya, ta dubi kwanon da muka cinye, ba ta ƙarasa ba. Na ruga kwandon shara na tono karan nan huɗu daga cikin ɓawon ƙwai da ruwan tumatir. Ba ganye ko ɗaya a jikinsu, na yi musu tsirara da hannuna. Mun dai sa su a kofi. Kwana shida suka yi, ruwan ya yi wari.

A rana ta bakwai na jawo jakar asibiti, don 'Yar Baba ta ce tana son tabaraun ubanta. Ga rigarsa, ga silifas, ga gidan tabarau. Ta buɗe. Tabaraun ba ya ciki, yana can ƙasan jaka a yashe. Abin da ke cikin gidan furannin nan ne da na juye masa a bargo, sun bushe, an jera su kai da kai, a tsanake. Da hannu ɗaya ya yi wannan, da hagu. Ban san kwana nawa ya ɗauke shi ba.

'Yar Baba ta juye furannin a tafinta. Ta shimfiɗa farar takarda a kan teburin keke, ta murje su a hankali, ta ɗauko gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ta sunkuya ta daɗe tana tonawa da bakin allura. Irin ɗaɗɗoya baƙi ne, ƙanana kamar ƙwayar barkono da aka daka, in akwai ba ya ɓuya a farar takarda.

Ta ɗago, ta cire gilashin. "Ƙaiƙayi ne, Umma. Kin tsinke su ba su nuna ba."

Shi ma ya san ba su nuna ba. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana girbe irin nan, kallo ɗaya ya isa. Ya ajiye su ne kawai don ba shi da wani abin da zai iya yi. Yana kwance, bakinsa a ɗaure, ni kuma kullum in zo in tsaya a kansa ina ƙirga masa yadda nake kashe abin da uwarsa ta bar masa, ina jira ya yaba mini. Har na ce masa ba sai ya gode ba. Wannan kalma ita ke hana ni sakat. Lokacin da yake da baki ban ba shi minti biyu ba, lokacin da na zauna mako biyar a gefensa ba inda za ni, bakin ya tafi.

Na yi kuka ran nan irin wanda ban yi ba ranar rasuwarsa. 'Yar Baba ta riƙe ni tana cewa ba laifina ba ne, ita ma da ta yi mini bayani a waya. Na ce mata ta yi shiru. Yarinyar kirki ce, amma na san laifin wa ne.

Kafin ta koma ta sayo ɗaɗɗoya a kasuwa, mai manyan ganye, ta dasa mini a gwangwani uku. Ta kama, ta yi kyau. Na yi makaronin sanyi da ita sau ɗaya. Ba laifi, abinci ne. Na ba maƙwabta sauran.

Shuɗin gwangwanin yana nan a kusurwarsa, da ƙasarsa, ban juye ba. 'Yar Baba ta ce wani lokaci ƙwaya ɗaya takan faɗi ta kwanta a ƙasa shekara biyu kafin ta tashi, amma kada in sa rai. Ina ba shi ruwa kullum da safe. Abubuwa na fitowa, kuma yanzu ba na cire komai, duk abin da ya tsiro sai in bar shi ya girma ya yi furensa. Maƙwabciyata ta leƙo ran nan ta ce, "Yaya, wannan gwangwanin ai ya zama daji, in taya ki cirewa?" Na ce ta cire hannunta daga wurin.

Shekaranjiya wani ɗan tsiro ya fito a gefe, ganye biyu, karansa da ɗan duhu. Na durƙusa, na taɓa ganyen da yatsa a hankali na kai hanci. Ciyawa ce. Na zuba mata ruwa.